Yadda Aka Cire Katakon Jeom-rye Daga Kwando

Ranar da teku ta tuɓe wa Gwak Jeom-rye wando, rabin mutanen tsibirin Dalmok na tsaye suna kallo. Sauran rabin kuwa labari ya riske su tun kafin ta gama tsanewa.

Watan biyar ne, ruwa ya janye da tsakar rana, rana kuma ta take. A irin wannan lokaci miyeok, ganyen tekun nan da ke tsirowa a jikin duwatsu, yakan kwanta a fili yana gasuwa, in ba a bi shi ana watsa masa ruwa ba sai ya ƙone tun yana jariri. Shi ya sa duk gidan da ke da rabo a ƙungiyar masu yankan miyeok yake fito da mutum guda da dogon ludayi. Jeom-rye, da shekarunta saba'in da ɗaya, tana can ƙasa a Dutsen Hanci inda ba mai sauka sai ita, igiya ɗaure a ƙugunta, ƙawarta Cheon Bok-sim na sama tana riƙe da ɗaya bakin. Ta miƙa ƙafa za ta taka wani ɗan tudu da ta taka ya fi sau dubu, sai ta taka iska. Igiya ta riƙe ta, amma ba ta riƙe wando ba. Wani ƙaton ruwa ya taso ya zare shi sumul, sabo fil mai jajayen furanni, wanda 'yarta ta aiko mata daga birnin Mokpo. Ya sha iska ya kumbura, ya kama hanyar ƙasar Sin ko waiwaye babu. Mai shi kuwa tana lilo a jikin dutse kamar kifin da aka rataye a shanya.

Ba ta yi kururuwa ba. Daga can ƙasa aka ji muryarta:

"Bok-sim, ja ni sama! Ku kuma mazan nan, duk wanda bai ba ni baya ba, yau matarsa za ta ji abin da na sani."

Maza goma sha ɗaya suka juya lokaci guda kamar sojoji. Ba wanda ya tsaya tambayar me ta sani.

An yi sati ana dariya, ita ma da ita ake yi. In wani ya ce mata masu jirgi sun hango wandon ya wuce yana gaishe da mutane, sai ta ce ai gara shi, ya ga duniya, ubanka fa ina ya taɓa zuwa? Mu maƙwabta muka ɗauka magana ta mutu ke nan. Ashe ruwa ba ya tsami banza.

Jeom-rye ba haifaffiyar Dalmok ba ce. Daga tsibirin da ke bayanmu aka kawo ta tana 'yar shekara goma sha tara, da akwati ɗaya da baki mai kaifi. Mijinta mutum ne shiru-shiru, har ana cewa duk maganar da aka rubuta wa gidan ita ta kwashe. Tana da shekara talatin da huɗu ya fita kamun kifi, jirginsa ya dawo shi bai dawo ba. A wancan zamani dokar ƙungiya ita ce gidan da ba namiji rabin rabo yake samu, wai mace ba ta iya kankarar dutse. Kankarar dutse kuwa kowa ya san ba wasa ba ne: tsakiyar hunturu ake fita da ƙarfe, a bi duwatsu ana goge gansakuka da ƙananan katantanwa, don irin miyeok ya samu wurin kamawa. Ruwan ya jiƙa ka, iska ta busar da kai, yatsunka su manta da kai.

Wannan hunturun Jeom-rye ta kankare nata ta haɗa da na wasu maza biyu da suka fake da tari. Ranar taro ta shiga zaure, ta wuce gaban dattawa, ta shimfiɗa hannuwanta a kan tebur, duk sun tsattsage suna tsatsar jini.

"Baba shugaba, duba da kyau. Wanne ne a ciki hannun rabin mutum?"

Aka ba ta cikakken rabo, aka bar ɗan katakon gidanta mai sunan mijinta, wanda ake ƙuri'ar rabo da shi, a cikin kwandon ƙungiya tare da na kowa.

Bayan shekara shida ciwon hanta ya tafi da mijin Bok-sim. Ita Bok-sim ba ta da baki, kuka kawai ta iya, ga yaro ƙarami mai suna Du-yeong. Jeom-rye ta sake komawa zaure, wannan karon ba ta fito ba sai da aka soke dokar gaba ɗaya. Tun daga ranar suka zama abokan igiya, ɗaya na ƙasa da lauje ɗaya na sama tana riƙe da ranta. Shekara talatin da ɗoriya. Tare suke haɗa kimchi, kabejin nan mai tsami da yaji, tare suke zagin maza, in ka ga ɗaya a hanya ka matsa don ɗayar na tafe. Shi kansa Du-yeong ya yi barci a bayan Jeom-rye fiye da yadda ya yi a bayan uwarsa.

To a hunturun da ya gabaci faɗuwar nan, wata rana sun fake a bayan dutse suna cin gasasshen dankali, Jeom-rye ta rage murya, abin da ba a san ta da shi ba.

"Ke, idona na hagu ya fara hazo. Kamar an zuba mini ruwan wankin shinkafa a ciki."

"Wayyo Yaya! Tun yaushe?"

"Tun kaka. Bari a gama yankan bana in je Mokpo a kankare shi, ai shi ma dutse ne ya yi gansakuka. Amma kin ji, ko karenki kada ki gaya wa."

"Haba Yaya. Ni ce fa."

"Shi ya sa na gaya miki. Ki riƙa ƙara riƙe igiya kawai."

Da bazara ta shigo sai ga Du-yeong ya sauka daga jirgi da jakunkuna biyu. Ma'aikatar da yake yi wa aiki a birni ta rufe, matarsa ta kama gabanta, ga shi ya doshi arba'in. Bai zauna a gidan uwarsa ba. Wani kango da ke gefe ya gyara, ya kafa bututun hayaƙinsa daban, don a ce shi ma gida ne mai zaman kansa. Sai dai rabo a Dalmok ashirin da uku ne tun kakanninmu, dutse ba ya haihuwa. Sabon gida ba ya shiga kwando sai wani ya fita, ko da mutuwa ko da ƙaura. Tsofaffinmu kuwa ba mai niyyar mutuwa, miyar miyeok ta riƙe su gam. Du-yeong ya riƙa yawo a bakin ruwa hannu a aljihu yana gaishe da tsofaffi da ladabi, yana tambayar lafiyarsu fiye da kima.

Sati uku bayan wandon, lasifikar zaure ta yi tari sau uku. Duk wanda ya ji tari uku ya san Pyo Chil-bong ne, shugaban ƙungiya na yanzu, mutumin da ke son lasifika fiye da matarsa. Ya ce akwai taro bayan abincin rana, a kan lafiyar 'yan ƙungiya.

Jeom-rye ta ɗauka tsokanarta za a yi, har ta tanadi amsoshi. Ta dafa masara ta cika kwano ta tafi da shi. Ta tuɓe takalmi a ƙofa, ta zauna inda ta saba, ta daki wurin da ke gefenta don Bok-sim. Bok-sim ta wuce can kusa da taga, wai zafi take ji.

Chil-bong ya gyara hula, ya buɗe wata takarda. Ya karanta cewa duk wanda jikinsa ba zai ƙara ɗaukar aikin dutse ba, ƙungiya na da ikon hutar da shi, rabonsa ya koma ga gidan da ke jira.

"Inna Jeom-rye," in ji shi, idonsa na kan takarda, "kowa ya ga abin da ya faru."

"Ai kai ma ka gani, Chil-bong, don kai ne ƙarshen juyawa."

Aka fashe da dariya. Ya jira ta lafa.

"Shugaba ake cewa a nan, Inna."

"Ni na share maka majina da bakin rigata. To, Shugaba, santsi ne ya kwashe ni. Wa santsi bai taɓa kwasa ba a ɗakin nan? Kai da ka faɗa ruwa daga kan gada busasshiya, ranar bikin ƙanwarka, an hutar da kai?"

"Santsi daban, rashin gani daban." Ya ɗago kai. "Bakin dutse ba wurin wasan makaho ba ne."

Ɗakin ya yi tsit, har ana jin wani tsoho na taunar masararta.

"Wa ya ce maka ba na gani?"

Chil-bong ya kalli wajen taga. Bok-sim ta miƙe a hankali, tana murza bakin rigarta.

"Yaya, ki yi haƙuri. Tun hunturu idonki na hagu... ke kika faɗa mini da bakinki. Ni ke riƙe igiyar, ni na san abin da hannuna ya ji ran nan. In kika mutu a hannuna ina zan sa kaina?"

Jeom-rye ta buɗe baki. Duk wanda ke wurin ya gyara zama, don an san abin da ke fitowa in ta buɗe shi. Amma ba tsawa ta yi ba. A hankali ta ce:

"Wata biyar kina riƙe da maganar nan ba ki ji tsoron mutuwata ba. Sai da hayaƙi ya fara tashi a kangon can."

Chil-bong ya ce a ɗaga hannu. Hannuwa suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, masu su na kallon tabarma. Akwai matan da mazansu suka mutu a cikinsu, su huɗu, masu cin cikakken rabo albarkacin tsattsagen hannun da aka taɓa shimfiɗawa a wannan teburin. Bok-sim ta ɗaga nata daidai kunne, kamar mai susa. Chil-bong ya ƙirga da shi. Goma sha huɗu.

Ya sa hannu a kwando ya lalubo katakon gidanta. Katakon ya yi baƙi ya yi santsi don tsufa, sunan mijin ya kusa gogewa. Ya miƙa mata da hannu biyu har da rusunawa, ya ce ƙungiya ba za ta manta da ita ba. Ta karɓa ta jefa cikin kwanon masara, ta ɗauki kwanon da sauran masarar da ba a ci ba. Tsohon nan ya miƙo hannu zai ƙara ɗaya, ta janye.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne lokacin. Ta yi kankara, ta yi ban ruwa, saura wata biyu a sa lauje. Ba abinci ta rasa ba, 'yarta na aiko mata, tana da lambunta. Amma a Dalmok gidan da ba shi cikin kwando gidan baƙo ne. Ba a kiransa taro, ba a tambayarsa ra'ayi, in lasifika ta ce "jama'a" ba da shi take ba. Shekara hamsin da biyu bayan an kawo ta da akwati, ta wayi gari ta koma 'yar wancan tsibirin.

Washegari Bok-sim ta ajiye tukunyar miyar kifi a kan katangar da ke tsakaninsu. Jeom-rye ta bar ta nan. Tsuntsayen teku suka yi buki. Rana ta uku Bok-sim ta leƙo da kanta, idanu sun kumbura, ta tarar da ita tana cire ciyawa a cikin barkono.

"Yaya."

Jeom-rye ta ci gaba da cire ciyawarta.

"Yaya, ɗana ne. Kin ga yadda ya dawo. Ba ya barci, ba ya cin abinci. In bai samu abin yi ba zan tsince shi a ruwa wata rana."

"Ni ban goya shi ba?"

"Kin goya."

"To me ya hana ki zo ki ce, Yaya, yaron nan ya riƙa sauka a madadinki, ku raba? Kin san da na ƙi?" Ta yar da ciyawar da ke hannunta. "Ko ki ba shi naki rabon, ai ke ma gwiwarki ƙara take kamar tsohuwar ƙofa. Amma a'a. Guda biyu kike so a gidanki."

"Chil-bong ne ya ce in dai akwai hujja..."

"Sai kika tuna kina da ita a aljihu. Ɗauke tukunyarki, tsuntsaye sun gode."

Watanni biyun da suka biyo baya, duk safiyar da lasifika ta yi tari ta kira mutane dutse, sai ka ga Jeom-rye ta fito ta ɗaura takalmanta na igiya tsaf, sannan ta tuna, ta zauna a bakin ƙofa da su a ƙafa. Daga baya ta koma hawa tudun da ke kallon Dutsen Hanci, wai ganye take tsinka. Ba a taɓa ganin ta dawo da ganye ba. Can ƙasa Du-yeong ne ɗaure da igiya, uwarsa na riƙe, yana watsa ruwa kamar mai korar kaji. Rannan ya nufi wani gefe da ke zubewa, sai aka ji tsawa daga sama:

"Hagu, ɗan banza! Hagu! Wa ya koya maka taka nan?"

Ya koma hagu, ya ɗago ya rusuna mata. Ta juya baya ta ci gaba da neman ganyenta. Da ido ɗaya ta hango shi daga wannan nisa, kowa ya lura, ba wanda ya ce uffan.

Watan bakwai aka yi yanka. Kwale-kwale suka dawo maƙil, har ruwa na lasar bakinsu. Aka juye miyeok a kan gadar da jirage ke tsayawa, baƙi wuluk yana sheƙi, aka kasa shi kashi ashirin da uku. Komai adalcin mai kasawa wani tsibi ya fi wani dogon ganye, shi ya sa ba a zaɓe. Wanda ba shi da rabo ake nema, a ɗaure masa ido, a ba shi kwandon katako, ya bi tsibi-tsibi yana jefa ɗaya a kan kowanne. Inda naka ya faɗa nan ne naka, ba gardama. Shekara da shekaru mai kawo wasiƙu ne ke yi mana, amma ranar iska ta hana jirginsa tasowa. Ga rana na dukan ganye, in ba a kwashe an shanya ba kafin yamma zai fara yauƙi. Aka dubi juna. Duk wanda ke tsibirin ko mai rabo ne ko ɗan gidan mai rabo.

Sai idon Chil-bong ya sauka a ƙarshen gada, inda wata tsohuwa ke zaune a kan kifaffen bokiti, wai iska take sha.

Wani ya ja masa riga ya ce kada ya soma. Bai ji ba. Ya cire hula ya taka har gabanta.

"Inna, sannu da hutawa."

"Kai ka ba ni shi."

"Wata 'yar alfarma ce. Kin ga mai wasiƙa bai zo ba, doka kuma ta ce sai wanda ba shi da... to, ke yanzu ai kin ga... Girmamawa ce ma, Inna. Hannunki na da albarka."

Mu dai mun tsaya jiran a ji ƙarar bokiti a kansa. Sai ta miƙe, ta kakkaɓe zaune, ta bi shi tsakanin tsibin nan. Ta san kowane ganye daga dutsen da ya fito. Ta tsaya kan wani mai faɗi, doguwar tsiya, ta taɓa shi da yatsan ƙafa. Na Dutsen Hanci ne, ita ta kankare masa wuri, ita ta shayar da shi. Aka miƙo mata kwando. Ta cusa hannu tana juya katakan, duk tsofaffi masu santsi, sai guda ɗaya mai kaushi, fari, har yanzu yana ƙanshin zarto. Ta riƙe shi ɗan lokaci ta sake shi.

"A kawo ƙyalle," in ji Chil-bong.

Ba wanda ya motsa. Can Bok-sim ta kwance tawul ɗin da ke kanta, ta matso, ta zagaya bayanta za ta ɗaura.

"Yaya, sunkuyo kaɗan."

Jeom-rye ta ture hannun ba tare da ta waiwaya ba, ta gyara kwando a ƙugu, ta ɗaga murya yadda har na cikin kwale-kwale suka ji:

"Chil-bong, ku bar ƙyallenku. Shekara talatin matar nan na tsaye a kaina da idona biyu lafiya lau ban gan ta ba. Wace makanta kuke nema da ta wuce wannan?"